Mai farfaɗiya da raunin gani a sahun 'yan agaji

Yau tambaya ɗaya muka ɗauko: mai fama da farfaɗiya, ga kuma raunin gani, in ya je asibitin Wurno, Rabah ko Goronyo ya ce zai taimaki majinyata fisabilillahi, a karɓe shi ko a ba shi haƙuri? Mu dai mun ce a karɓe shi.

Allura da ƙarin ruwa aikin ma'aikata ne, amma ragowar jinya yawanci ta kunne ce da baki. Ga dattijo an kawo daga Magarya, 'ya'yansa sun koma fadama ban-ruwan albasa, yana kwance ba mai ce masa sannu. Abin da yake nema shi ne wanda zai zauna gefen gadonsa, ya ɗebe masa kewa, in ya ji numfashinsa ya canza ya kira nas. Wannan ba sai da ido garau ba. Sa'annan wanda ya shekara da shekaru yana haɗiyar ƙwaya kullum ya fi kowa iya lallashin uwar da ke ɓoye ɗanta mai farfaɗiya a ɗaki, har ta yarda ta kai shi asibitin Kware.

Wani zai ce, to in ciwon ya kayar da shi a tsakiyar majinyata fa? Tambaya ce ta gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa in sun samu magani yadda ya kamata. Tsallake magani da rashin barci na cikin manyan abubuwan da ke tayar da ita, don haka kada a ba shi aikin dare, kada ya ɗauki jariri ko tafasasshen ruwa, a kuma haɗa shi da abokin aiki. In ya faɗi, a janye kujera da ƙarfen rataya ruwa, a sa abu mai taushi ƙarƙashin kansa, a juya shi gefe. Ba a tura cokali a baki, ba a ɗura ruwa. In ta wuce minti 5, sai likita, wanda dama yana kusa. Shi kuwa wanda ciwonsa bai lafa ba, ya dakata tukuna, likita ne zai faɗi lokaci.

Masu gudun kumfar bakinsa kuma su kwantar da hankalinsu, farfaɗiya ba a ɗaukarta. Ranar da 'yan dubiya suka ga nas na cin tuwo kwano ɗaya da shi, wannan camfi zai fara mutuwa.

Ba baƙon abu muke kira a kai ba. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, amma shi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha bar wa Madina in zai yi tafiya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ke Wurno tun 1837, ya yi rubutu a kan maganin ciwon ido. A Janairun 2019 kuma aka sa hannu kan dokar da ta hana nuna wa masu naƙasa wariya a Najeriya.

Shugabannin asibitocinmu, da 'yan agajin Jama'atu, Izala da Red Cross, don Allah in irin wannan bawan Allah ya zo, ku zaunar da shi, ku ji abin da zai iya, ku sa sunansa a jadawalin aiki.