Kafin ku ɗaura tirela a bayan mota: ja ba wuya, tsayawa ce aiki



Kwanakin baya, a cikin shirin da nake gabatarwa da hantsi a gidan rediyo, wata Hajiya mai saida atamfofi da kwanonin aure ta bugo waya da tambaya. Ita da abokan sana'arta uku sun kwashi adashi, sun sa mai walda ya ƙera masu ƴar tirela, wadda wasu ke kira remok, mai rufin tamfal, inda za su zuba haja da katifu da murhu, in dare ya yi kuma su kwana a cikinta a gefen kasuwa. Sukan ci kasuwar Tawa ran Lahadi, su bi ta Tabalak su kai Abalak, in watan Satumba ya kama kuma suna son su kai har Ingal wurin taron makiyaya na lasar gishiri. Tambayarta ita ce: wace mota za su saya da za ta ja wannan tirela? Minti biyu na rediyo ba su ishi amsar ba, shi ya sa na kawo ta wannan shafi.

Ku fara da sikeli

Yawancinmu mukan fara da kallon mota, alhali kaya ya kamata a fara aunawa. Ku ɗauka tirelar da babu komai a cikinta ta kai kilo 250, domin masu waldarmu da gatarin tsohuwar mota da ƙarfe mai kauri suke ƙera ta. Buhun hatsi kilo 100 ne, wato tiya 40. Bidon ruwa mai lita 25 kilo 25 ne, tano kuwa kilo 200 ban da nauyin kansa. To, buhu huɗu da bido huɗu kaɗai sun kai tirelar nan kilo 750, ba a sa dilar atamfa ko ɗaya ba, ba a sa katifa ba, ba a sa tukunyar gas ba.

Wannan adadi na 750 ku riƙe shi da kyau. Yarjejeniyar duniya kan zirga-zirgar motoci da aka sa wa hannu a Biyana a 1968 ta kira tirelar da ba ta wuce kilo 750 ba da sunan ƙaramar tirela. A Turai, inda akasarin motocinmu na hannu suke fitowa, tirelar da ba ta da birkin kanta ba ta wuce wannan nauyi, kuma ba ta wuce rabin nauyin motar da ke jan ta. Wato motar da nauyinta ya kai kilo 1,200 ba ta da hurumin jan fiye da kilo 600 in tirelar ba ta da birki. Sau da yawa ma kamfanin yakan rage: akwai ƙirar Toyota Corolla da aka tsaida mata kilo 450 kacal. Tirelolin da ake ƙerawa a garuruwanmu kuwa, da wuya ka ga mai birki.

Farantin da ba a dubawa

Kowace motar da aka ƙera don kasuwar Turai tana da wani ɗan faranti ko takarda mai danƙo, a jikin ginshiƙin ƙofa ko a ƙarƙashin murfin inji. Lambobi huɗu ne a jere. Na farko shi ne iyakar nauyin motar da mutanenta da kayanta. Na biyu shi ne iyakar nauyin mota da tirela a haɗe. Na uku da na huɗu su ne abin da gatarin gaba da na baya za su iya ɗauka. In kun ɗebe na farko daga na biyu, kun samu kimanin abin da motar za ta ja, amma fa in tirelar tana da birki. Misali, 2,900 a cire 1,700, saura 1,200. In wurin lamba ta biyu fanko ne, kamfanin bai yarda motar ta ja komai ba. Dillali zai rantse maku cewa motar tana da ƙarfi kamar raƙumi. Ku bar shi ya gama, sannan ku ce ya buɗe ƙofa ku duba faranti.

Hanya ce ke zaɓen mota

Ƙasar Adar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Tuddai ne na dutse da kwaruruka masu zurfi, kamar kwarin Keita da na Badagishiri, kuma duk wanda ya gangara sai ya hau. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, lokacin da inji mai jan kaya ya fi neman sanyi. Da damina gebe yakan kawo ruwa ya yanke hanya, ya bar yashi mai laushi a bayansa. Babbar hanyar Tawa zuwa Agadas, da aka gina don jigilar uraniyom na Arlit, ta sha manyan motoci shekara da shekaru, kuma direbobi sun san wuraren da ake sauka daga kwalta. In aka nufi Cintabaradan ko Tasara kuwa, rairayi ne ke mulki.

Saboda haka, wadda kasuwancinta bai wuce kwalta ba, tsakanin Tawa da Badagishiri da Ƙwanni, da tirela marar nauyi, ƙaramar mota za ta iya yi mata. Amma ku sani ƙananan motoci irin su Corolla da ƙafafun gaba suke ja. In tirela ta danne baya, gaba ya ɗaga, tayoyin da ke ja da juya sitiyari su ne ke rasa kamun ƙasa. A kan hawa mai tsakuwa sai ku ji suna karta a banza.

Wadda za ta bi hanyar marmara da ƙauyuka, mota mai ja da ƙafafun baya, mai shasi na ƙarfe, ita ce tata. Tsohuwar Peugeot 504 bashe, da aka daɗe ana haɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, ta yi wannan aiki shekaru da dama, sai dai tsufa ya kama waɗanda suka rage, kuma birkinsu na wancan zamani ne. Toyota Hilux ita ce ta gaje ta. Sabbin ƙirarta daga 2016 akwai masu jan har kilo 3,500 da tirela mai birki, tsofaffin kuwa ba su kai haka ba, don haka nan ma faranti ne alƙali. Wadda za ta shiga rairayin arewa, sai kat-kat mai ƙaramar giya ta yashi, irin Land Cruiser ƙirar 70 da ake yi tun 1984. Sai dai mu faɗi gaskiya, a wasu sassan arewa kat-kat mai sheƙi yana jan idon miyagu, kuma tun 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a Tiliya da Tasara. A tambayi labarin hanya kafin a tashi, a yi tafiya da rana.

Injin gazwal ya fi na esansi dacewa da ja, domin yana ba da ƙarfinsa tun bai yi kuka sosai ba. Mota mai canza giya da kanta tana ja lafiya, amma man giyarta yana zafi da sauri a ƙarƙashin kaya, kuma gyaranta ba kowane gareji ba ne.

Abin da ya same ni

Ni ma na taɓa shan wannan darasi. Wata shekara muka tafi ɗaukar shiri a wani ƙauye ta wajen Keita, na ari ƙaramar motar wani abokina, muka ɗaura tirela da injin wuta da lasifikoki da kujeru da ruwan sha. A kan fili motar ta ja ba gardama, har ina yabon ta. Da muka fara gangarawa cikin kwari sai na ji ana tura ni daga baya. Na taka birki, na sake takawa, wari ya tashi, birkin ya yi laushi kamar tsumma, tirelar ta fara kaɗa wutsiya hagu da dama. Allah ne ya sa ba mota a gabanmu, muka tsaya a cikin ƙaya a gefen hanya. A hanyar komowa, wurin hawa, ambireyaj ya ƙone. Tsohon bakaniken da ya gyara ta bai zage ni ba, ya dai nuna mani cewa birkin da aka yi wa mota ɗaya na sa ya tsaida mota ɗaya da rabi. Laifin nawa ne, ban auna komai ba. Kuɗin gyaran sun fi abin da zan biya da na yi hayar Hilux tun farko. Garin neman ƙiba na samo rama.

Ƙugiya, taya da lodi

In kun samu motar, kada ku yarda a walda ƙugiya a jikin farashok. A shasi ake ɗaure ta da kusoshi masu ƙarfi, a ƙara sarƙa tsakanin mota da tirela saboda ranar da ƙugiya za ta kuɓuce. Ku sa a yi wa tirelar fitilun baya da na birki, domin mai kabu-kabun da ke bin ku da magariba ba ya ganin fitilun motar.

In da hali, tayoyin tirela su zama irin na motar, don tayar ajiya ɗaya ta yi wa duka biyun. Faɗin tsakanin tayoyin ma ya zo daidai da na motar, ta yadda a cikin yashi tirela za ta bi sawun da mota ta riga ta buɗe, ba ta tona nata ba.

Wajen lodi, kaya masu nauyi a ƙasa, a kan gatari ko ɗan gaba da shi kaɗan, kamar kashi 60 cikin 100 a gaba. Nauyin da ke sauka a kan ƙugiya ya zama wajen kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyin tirelar, kuma ƙananan motoci da yawa ba sa ɗaukar fiye da kilo 75 a wurin. Tirelar da aka cika wa baya ita ce ke rawa a hanya. In ta fara rawa, direba ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ya riƙe sitiyari miƙe, kada ya danna birki da ƙarfi. A gangara kuma a sa ƙaramar giya tun daga sama, inji ya riƙe motar. Kafin kowace tafiya a duba ruwan radiyata, bayan tafiyar ƴan kilomitoci a taɓa cibiyar tayar tirela: in ta yi zafin da hannu ba zai jure ba, tana neman giris.

Lissafin aljihu

Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, motoci da kayan gyaran da ke zuwa ta Kwatano suka koma dogon zagaye ta Lome, abin da ya ƙara wa ɗan kasuwa ɗawainiya. Saboda haka ku zaɓi motar da za a samu kayanta a Tawa ko Ƙwanni, wadda bakaniken Abalak ma ya san cikinta. Ku je saye da bakanikenku, ku gwada motar da tirelar a ɗaure kuma da kaya, a kan hawa. Ku tabbata takardun mota da asiransi sun cika, ku shaida wa mai asiransin cewa za ku ja tirela. Kada ku manta tirela tana ƙara shan mai da cin taya.

Hajiya, amsar tambayarku ke nan. Ku huɗu ne, ga direba, ga haja, ga kayan kwana, kuma hanyarku ta wuce Abalak. Ƙaramar mota ba taku ba ce, ko da an karya maku kuɗinta, araha ba ta ado. Ku nemi Hilux mai ƙofa huɗu, mai gazwal, mai ja da ƙafa huɗu, ku sa haja mai nauyi a bayanta gwargwadon abin da farantinta ya yarda, tirela ta ɗauki katifu da tamfal da kayan girki. In adashin bai kai ba, ku ƙara zagaye ɗaya, kafin nan ku ci gaba da biyan kuɗin lodi a tasha.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka, amin.