Noila a Tsakar Gida: Kazar da Ba Ta Iya Faɗa Ba

'Yar'uwa, in kina shirin sayo Noila, ko a Gumel ko a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ki san halinta kafin ki sake ta cikin kajinki. Kamfanin Amo da ke Awe a jihar Oyo ne ya samar da ita don nama da ƙwai. Ga jiki, ga sanyin hali. Ɗana ɗan shekara huɗu ma ɗaukarta yake yi.

Sanyin halin nan ne ke cutar ta. Na zuba biyar cikin kajin Hausa da zabi, na shiga makon aikin dare ban bi ta kansu ba. Kwana uku na tarar an tsige wa ɗaya gashin kai har jini, sauran sun rakuɓe bayan akurki. Wata 'yar ƙaramar fingi ce ke kore su daga kan dusa, duk girmansu! Kaji in sun ga jini ƙara sara suke yi, don haka nan take na ware ta.

Yanzu baƙuwa sai ta yi mako biyu a keɓe, kamar yadda muke killace majinyaci a asibiti. Sannan in haɗa su da magariba, abinci da ruwa wuri biyu, nesa da juna. Ki tanadi inuwa kuma, don a zafin bazara ta fi kazar Hausa haki.

Noila ba ta cika kwanci ba. Fingin nan mai faɗa nake saka wa ƙwan, kwana 21 ta ƙyanƙyashe min.