3.4 Amfani da Wayar Salula a Cikin Aji

A sashen da ya gabata an bayyana yadda wayar salula ta bazu a Nijeriya tun daga shekarar 2001, lokacin da kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. Wannan sashe kuwa zai duba ko ya dace ɗalibi ya riƙe ta a lokacin darasi.

Masu goyon bayan a ƙyale ɗalibai suna kafa hujja da ƙarancin kayan karatu. A makarantar da ba ta da ɗakin karatu, kuma ɗalibai da dama ke tarayya a kan littafi guda, waya kan maye gurbin ƙamus da taswira da na'urar lissafi. Haka nan, da aka rufe makarantu a 2020 saboda annobar korona, ta waya da rediyo ne wasu ɗalibai suka ci gaba da ɗaukar darasi.

Masu adawa kuwa suna ganin taura biyu ba ta taunuwa, wato ɗalibi ba zai saurari malami yana duba saƙonni ba. Binciken da Beland da Murphy suka fitar a 2015, wanda ya shafi makarantun sakandare 91 a birane huɗu na Ingila, ya ƙarfafa wannan ra'ayi. Sun gano cewa sakamakon jarrabawa ya ƙaru bayan an hana waya, kuma ɗalibai masu rauni ne suka fi cin moriyar hanin, alhali haziƙai ba a ga wani canji na a-zo-a-gani a tattare da su ba. Wannan na nuna cewa sakin waya a aji yana ƙara tazara tsakanin mai ƙoƙari da mai rauni. A 2018 ƙasar Faransa ta kafa dokar hana waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare. A Nijeriya ma, hukumomin WAEC da NECO da JAMB sun haramta shiga ɗakin jarrabawa da ita saboda satar amsa.

Idan aka auna hujjojin biyu, za a ga cewa amfanin da aka ambata ba ya samuwa sai da jagorancin malami. Saboda haka, abin da ya fi dacewa a firamare da sakandare shi ne waya ta kasance a ajiye, kada a fito da ita sai malami ya ba da wani aiki takamaimai, a kuma mayar da ita da zarar an kammala.