Zanen Ɓawon Makankari Gado Ne

Jama'a, wannan mako za mu bar gonar tudu mu leƙa gonar ruwa. Kun dai san makankari, dabbar nan mai ɓawo biyu da ake samu a bakin gulbi. To, a gaɓar teku ta gabashin Amurka akwai wani ɗan'uwansa mai kaurin ɓawo, wanda ake ci, har ana nomansa kamar yadda muke noman gyaɗa. Akan sayi 'ya'yan a wurin masu ƙyanƙyasa, a shimfiɗa su cikin ruwa marar zurfi, a rufe da raga don kada ƙaguwa ta cinye. A garin Cedar Key na Jihar Florida, da aka hana kamun kifi da manyan taru a 1995, masunta da yawa wannan noma suka koma.

Galibin na daji ɓawonsu fari ne ko toka-toka. Amma jefi-jefi, kamar ɗaya ko biyu cikin ɗari, akan tarar da mai jan zane a karkace, sai ka ce aikin alƙalami. Me ke kawo wannan zane? Abinci ne, ko ruwa, ko kuwa gado?

Wani masani, Paul Chanley, na ɗakin binciken Milford a Jihar Connecticut, ya bi maganar, ya buga sakamakon a 1961. Ya zaɓi iyaye, ya haɗa su, ya jira 'ya'yan suka yi ɓawo, ya ƙirga. Ashe gado ne, kuma a kan ƙa'idar nan da Mendel ya gano cikin wake tun 1865 yake tafiya.

Ga yadda abin yake. Kowane makankari yana ɗauke da ƙwayar gado biyu na launi, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wanda ya sami ta fari daga duk ɓangarorin biyu, fari zai fito. Wanda ya sami ta ja daga duk biyun, sai ɓawonsa ya yi manyan ratsi masu jaja-jaja. Mai zanen nan a karkace kuwa shi ne wanda ya sami ɗaya ja, ɗaya fara. Watau ruwa biyu ne. Saboda haka in ka haɗa mai zane da mai zane, kada ka sa rai duk 'ya'yan za su yi zane. Cikin ɗari, wajen 50 ne za su biyo iyaye, wajen 25 farare, wajen 25 masu ratsi. In kuwa kana so duka su yi zane, sai ka haɗa mai ratsi da fari. Malaman ofis su gwada lissafin a takarda, za su ga ya fita daidai.

Wata tsoka siririya da ke shimfiɗe cikin ɓawon ita ce mai gina shi daga baki-baki, tana zuba launi yayin da take ginin. Don haka zanen a jikin ɓawon yake, wanki ba ya fid da shi. Amma a lura, ba kowane launi ne gado ba. Makankarin da ya zauna cikin baƙin taɓo ɓawonsa yakan yi duhu, wannan kuwa rini ne, 'ya'yansa ba sa gadonsa.

Amfanin abin ga manomi a fili yake. Gonar ruwa ba ta da shinge, kuma ba a yi wa makankari lalas kamar saniya. Tun da masu zane ba su da yawa a daji, sai masu ƙyanƙyasa suka riƙa zaɓensu a matsayin iri. In aka kama mutum da buhu, rabinsa masu zane, ya ce a daji ya tsinto, to, ma'aikacin hukuma ya san daga gonar wani suka fito.

A ganina akwai abin da za mu ɗauka a nan wajen ajiye iri. Shukar da ta fi kyau a ido wani lokaci ruwa biyu ce, in ka shuka 'ya'yanta baɗi sai su rarrabu. Abin da ke faruwa ke nan ga wanda ya ajiye irin masarar aure daga gonarsa maimakon ya sayi sabo.