Igiyar ruwan da ta ƙi mutuwa

Yau kimiyya za mu taɓa, don Allah kada kowa ya gudu.

Muna yara, in mun je gulbi a Bungudu mukan jefa dutse a ruwa. Igiyar ruwan ta buɗe, ta bazu, ta mutu. To a 1834 wani injiniya, John Scott Russell, ya ga saɓanin haka a wata hanyar ruwa kusa da Edinbara. Jirgin da dawaki ke ja ya tsaya kwatsam, sai tudun ruwa guda ya wuce gaba shi kaɗai, bai baje ba. Mutumin nan a kan doki ya bi shi, mil ɗaya zuwa biyu. A 1965 Zabusky da Kruskal suka raɗa wa irin wannan igiya suna soliton.

Mene ne sirrin? Abu biyu ke ja-in-ja. Igiya na son bazuwa, amma inda ta fi tudu ya fi gudu, yana tattaro ta. In suka yi kunnen doki, sai ta tafi a dunƙule.

Yanzu ku tuna zana. Gamba ɗaya ba ya tare iska, amma in an saƙa shi ya zama shinge. Haka metamateriyal yake: halinsa daga saƙarsa yake fitowa. A 2017 masu bincike a Jami'ar Harvard suka jera 'yan murabba'ai na roba, haɗe a kusurwa. Da an bugi gefe ɗaya, kowanne ya ɗan juya ya miƙa wa na gaba, bugun ya tafi a dunƙule kamar tudun ruwan Russell. Wata saƙar ma riƙe ƙarfin take a wuri ɗaya, yana ta rawa a nan.

Ina ruwanmu? Duk mai bin hanyar Gusau zuwa Tsafe a babur ya san abin da faɗuwa ɗaya ke yi wa kai. Wanda ya iya juya akalar bugu zai iya ƙera hular kwanon da ke karkatar da shi daga ƙwaƙwalwa. Irin abin da masana ke nema ke nan.

Ku gwada: ku samo ƙwallayen boris wajen bakanike, ku jera su manne a cikin kwararo, ku bugi na farko. Na ƙarshe zai fice, na tsakiya ko gezau. A jeri irin wannan Nesterenko na Rasha ya gano, a 1983, cewa bugun faɗinsa kamar ƙwallo biyar ne, kuma mai ƙarfi ya fi sauri.

Ɗaliban fiziks na Jami'ar Tarayya ta Gusau, ga aikin kammala karatu da kayansa ke cikin garejin unguwarku. Wa zai fara?

Sai mun haɗu a shiri na gaba.