Abin da ya saura cikin akwatin tsohon monita

A makon jiya na buɗe wani akwatin ƙarfe da ya daɗe a ƙarƙashin gado. A ciki na tarar da usur, da ƙyallen ɗaurawa a wuya, da hoto guda da ya fara dusashewa, da kaye huɗu cike da sunayen yara. Su ne gadon da na samu daga shekarun da na yi ina monita, wato mai kula da yara a sansanin hutu, wanda a nan Yamai aka fi sani da koloni.

Wannan al'ada daga Turai ta zo mana. A 1876 wani limamin Kirista na birnin Zurik, mai suna Bion, ya kwashi yaran talakawa zuwa kan duwatsu domin su sha iska mai kyau. Daga can abin ya bazu zuwa Faransa, har ya iso gare mu, inda ma'aikatu da kamfanoni suka riƙa tara ɗiyan ma'aikatansu a babban hutun damina.

Kowane kaye da labarinsa. Gaban sunan yaro nakan rubuta garinsu, da abincin da ba ya ci, da ranar da aka ba shi nibakin, domin a wancan zamani shi ne maganin zazzaɓi. Akwai wani shafi da har yau ba na wuce shi da sauri: daren da jikin wani yaro ya yi zafi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba mota, ba tarho, na zauna bakin tabarmarsa da fitilar ƙwai ina shafa masa ruwa har asuba. A daren nan na gane nauyin amanar ɗan wani.

Hoton kuwa a gidan tarihi na ƙasa aka ɗauke shi, wanda aka kafa a 1959, wanda yau ke ɗauke da sunan Bubu Hama. A jere guda ga ɗan Damagaram, ga ɗan Doso, ga na Agadas, ga na Difa. Ranar farko ba mai jin harshen wani sai guntun faransancin lakwal. Kafin a watse, Bahaushe na gaisuwa da zabarmanci, Bazabarme na ciniki da hausa. Wasunsu a lokacin suka fara ganin kogin Isa daga kan gadar Kennedy, suka fara ganin raƙumin dawa a Kure. Ran 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai kuma ranar dashen itatuwa, kowane rukuni yakan shuka dogon yaro. Haɗin kan ƙasa da manya ke ambato a jawabi, mu a bakin akushi ɗaya muka gan shi.

Sai dai faɗuwar kasuwar yuraniyom a shekarun 1980, da karyewar darajar kuɗin sefa a Janairun 1994, sun ƙuntata aljihun gwamnati da na magidanta. In tuwo ya yi wuya, wa ke zancen hutun yara? Ɗan talakan da aka ƙirƙiro abin dominsa shi ne ya fara rasa shi.

Saboda haka kira biyu gare ni. Tsofaffin monitoci, kada mu bar wa gara waɗannan takardu. Mu tattara su, mu miƙa wa ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa. Ku kuma alhazan kasuwa da ma'aikata, da yawanku sunayenku na cikin irin waɗannan kaye. Wanda Allah ya hore wa, ya ɗauki nauyin yaro ɗaya da ba nasa ba a hutu mai zuwa. Da haka ake biyan bashin alheri. Allah ya raya mana zuriya, amin.