HAWAINIYAR DA TA CIYO MANA KOFI

Tunda hunturu ya fara kaɗawa na san yanzu a makarantun kwana ba a zancen komai sai wasannin intahaus, wasu na murna, wasu kuwa tuni sun fara shirya ƙaryar ciwon mara don kada malamin wasanni ya rubuta sunansu a gudun ratsa daji, wanda muke kira kuros-kantiri. Ban ga laifinku ba, don ni ma na yi. Amma ku ba ni aron hankalinku tukuna.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, shi wannan gudu lissafinsa daban yake da sauran. A makarantun sakandaren Amurka, inda yake da farin jini ƙwarai, yawanci kilomita 5 ake yi, kowace makaranta ta fito da mutum 7, sai a tara lambobin biyar ɗin farkonta. Wadda ta zo ta ɗaya maki 1 gare ta, ta goma maki 10, kuma masu ƙarancin maki su ne da kofi. Mafi kyawun abin da za a iya samu shi ne 15, wato ta ɗaya har ta biyar duk naku ne. In aka yi kunnen doki sai a dubi ta shidan kowa, wadda ta riga shigowa ita ta raba gardama. Kin ga kenan ko kuna da mai gudu kamar barewa, in ta biyar ɗinku tana can baya tana jan ƙafa, aikin banza ne.

Da irin wannan lissafin malaminmu yake yi mana, kuma ni ban gane ma'anarsa ba sai ina aji huɗu a sakandare.

A gidanmu, wato Koren Gida, akwai wata yarinya 'yar aji uku wadda ba zan faɗi sunanta ba, don yanzu matar aure ce har da 'ya'ya biyu. Hawainiya muke ce mata. Gajeriya ce mai jiki, ba ta da magana, in tana gudu sai ki rantse tafiya take yi. Babu wanda ya sa ta, ita ta kai sunanta da kanta, ranar kuwa mun yi dariya har da riƙe ciki.

Kyaftin ɗinmu, Anti muke ce mata, ita ce ba ta yi dariya ba. Doka ɗaya ta kafa mana. Kullum bayan sallar asuba za mu zura dogayen wandunanmu da kambas mu zagaya bayan makaranta ta cikin gonaki, kuma duk wadda ta riga isowa ƙofa ba ta da izinin shiga, sai ta juya ta koma ta taro ta ƙarshe, a shigo tare. To wa ce ce ta ƙarshe? Kun sani. Wannan doka ta ja mana asara ba kaɗan ba, domin kafin mu yi wanka mu isa ɗakin cin abinci koko ya huce, wata rana ma ƙosan ya ƙare ƙaf, sai dai a jiƙa kwaki. Yunwa kuwa ba ƙanwar uwar kowa ba ce.

Ni ce na fara ƙorafi, ba zan ɓoye ba. Na sami Anti a kan gadonta na ce, "Haba Anti, don Allah ki cire yarinyar nan mana, ita ba ci za ta yi ba, mu kuma tana hana mu karyawa." Ta dube ni ta ce, "Ke ta nawa kike zuwa?" Na ce ta biyu a gidanmu. Ta ce, "To mutum biyu ake ƙirgawa?" Na yi shiru. Ashe Hawainiya tana bayan labule ta ji komai. Washegari ba ta fito ba, Anti kuwa ta ce babu inda za mu sai da ita, kuma ni ce zan je in taso ta. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta wannan asubar ba. Na same ta ta lulluɓa da bargo idonta biyu, na ce, "Ki yi haƙuri ki taso, ke muke jira." Ba ta ce min uffan ba, ta ɗauki kambas ɗinta.

Sati shida muka yi a haka. Abin da na lura da shi, kuma duk wadda ta taɓa dogon gudu za ta shaida, shi ne ba ƙafa ce ke fara gajiya ba, zuciya ce. Da kin wuce rabi sai gefen cikinki ya ɗaure, maƙoshi ya bushe da ƙurar hunturu, wata murya ta riƙa ce miki, tsaya mana, wa zai kashe ki? In ke kaɗai ce za ki tsaya. Amma in kina jin numfashin 'yar uwarki a kafaɗarki, ita ma tana shan abin da kike sha, sai ki ji nauyin tsayawa. Hawainiya ba ta zama barewa ba, a'a, sai dai ta daina tsayawa, kuma nisan da muke komawa mu taro ta kullum raguwa yake.

Ranar gasa 'yan Jan Gida suka zo ta 1 da ta 2, magoya bayansu har sun fara kiɗa bokitai. Anti ta shigo ta 3, ni ta 5, wasu namu biyu ta 6 da ta 9. Wadda muka dogara da ita a ta biyar ɗinmu kuwa ashe ta gurɗe a ƙafa tun wajen rafi. Muna haki ana miƙo mana gulukos, sai Anti ta ture hannun mai ba ta, ta ce, "Ku taso, doka tana nan." Muka bi gefen hanya da gudu muna komawa, mu huɗu.

Can muka hango ta, fuska duk ƙura, hijabinta ya karkace, ga wata doguwa 'yar Jan Gida dab da bayanta. Ba a yarda a taɓa mai gudu ba, don haka baki kawai muka sa. A ranar ne na fara kiran ta da sunanta na gaskiya, ina ihu har muryata ta dishe. Ta shigo ta 16, doguwar ta 17, tsakaninsu bai fi taku biyu ba. Da aka tara, mu 39, Jan Gida da suka sami 1, 2, 8, 12 da 17 suna da 40. Da doguwar nan ta wuce ta, da lissafin ya juye, su 39 mu 40.

Kada ku ce wannan abin 'yan makaranta ne kawai. A 2010 an yi gasar duniya ta wannan gudu a ƙasar Foland, inda Kenya ta kai wata yarinya 'yar shekara 16 mai suna Faith Kipyegon, ta yi gudun kilomita 6 na 'yan mata cikin sanyin Turai ba ko takalmi a ƙafarta. Ta huɗu ta zo, babu lambar kanta, domin 'yan ƙasarsu uku ne suka riga ta. Amma a can mutum huɗu ake ƙirgawa, ita ce ta cike musu maki 10 suka ɗauki zinaren ƙungiya. Shekara na zagayowa, 2011 a Sifen, ita ta zo ta ɗaya. Wannan yarinya ita ce ta ci zinaren mita 1,500 a gasar Olamfik sau uku a jere, a 2016 da 2021 da 2024, biyun ƙarshe ma bayan ta haifi 'yarta a 2018. Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne na 2017 a Kampala, lokacin tana riƙe da zinaren Olamfik, ta shiga gudun ratsa daji na manya ta zo ta shida, ta ɗaya har ta biyar duk 'yan Kenya, lambarta ko shiga lissafi ba ta yi ba, amma ta ƙarasa gudunta.

Inda nake ganin makarantunmu suna kuskure shi ne wajen rabon kyauta. A ranar tamu, ta ɗaya zuwa ta uku aka kira gaban manyan baƙi aka ba su bokitin roba da sabulu da littattafai, ta 16 kuwa ko sunanta ba a ambata ba, alhali ita ta ciyo kofin. Malamai, a duba wannan don Allah.

Anti dai ta karɓo bokitinta na ta uku, shuɗi mai murfi, da daddare ta ajiye shi a gindin gadon yarinyar ba tare da ta ce komai ba. Bara da na je sunan 'yarta ta biyu na gan shi a tsakar gida, ya koɗe, hannun ya karye an ɗaure da waya. Na ce, "Ke kuwa ba za ki yar da wannan tsohon bokitin ba?" Ta harare ni ta ce, "Ke ta nawa kika zo ma?"